Hannu Biyu a Bango Guda

Ku da kuke jera bulo kan bulo, ku ja igiya, ku watsa siminti, kafin la'asar kun wanke hannu kun tafi kallon ƙwallo, ku ne za ku ce min ginin ƙasa wasan yara ne? Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa ai laka ce kawai ake maka wa bango. Ban tanka ba, don bakina da goro. To, yau ku ajiye cokulan nan ku zauna. Ni Habu magini, mutumin Roni, na fara sana'ar nan tun kwandon ƙasa yana rinjayata, ban bari ba sai da gwiwoyina suka ƙi tsani. A duk ayyukan da na yi akwai guda ɗaya da har gobe in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi, shi ne lokacin da aka ba mu wani tsohon gidan yari aka ce mu mai da shi kotun alƙali.

Sai na fara da mahaifina, in ba haka ba ba za ku gane ba. Sunansa Ilu, shi ma magini ne, kuma bahago. Ina ƙarami, Turawa ba su daɗe da kama ƙasa ba, wani babba a wani gari da ke arewa da Kazaure ya ɗauke shi ya yi masa katangar barga. Sunan garin ku bar min shi a cikina, jikokin mutanen suna nan muna gaisawa. Mutumin ya matsa sai an gama kafin salla, ga damina ta sauka, aka yi ta ɗora ɗanye kan ɗanye. Ruwa ɗaya aka yi mai ƙarfi katanga ta kwanta a kan doki. Aka kama mahaifina aka kai shi gidan yarin garin. Innata, Kande, ta bar ni wajen kakata ta bi shi can, ta sauka a gidan wasu dangi. A shekarar ne cutar agana ta shigo ƙasa tana kwasar mutane gida-gida, har cikin gidan yarin. Ana cikin wannan hali wata rana aka fito aka ce da Inna mijinta ya huda bango ya gudu arewa, ƙasar da Faransa ke mulki. Kowa ya yarda, har danginmu. Ai magini ne. Wa zai iya huda bangon gidan yari in ba wanda ya san inda tubali yake haɗuwa da tubali ba?

Daga ranar Inna ta zama ba ita ga matan aure ba, ba ita ga zawarawa ba. Ba ta yi takaba ba, tunda ba a ce ya mutu ba. Yayyenta suka yi ta binta ta je gaban alƙali a raba auren ta huta, ta ce ba inda za ta, sai ya dawo ya dubi idonta ya gaya mata laifin da ta yi masa da zai tsallake ya bar ta da yaro. Duk falken da zai yi arewa, Magarya ne ko Matamaye ko Damagaram, sai ta tare shi a bakin kasuwa ta ce ya cigito mata wani magini bahago. Su dawo su ce ko ɗuriyarsa ba su ji ba. Haka ta tsufa, da fushi da jira. Ni kuwa yara suka laƙaba min ɗan mai huda bango, sunan ya bi ni har na ajiye gemu. Na tashi ina jin haushin mahaifina ƙwarai da gaske.

Aikin farko da aka sa ni shi ne takar ƙasa, a gidan wani masaƙi a Roni. Ƙanen mahaifina, Baba Tanko, shi ya ɗauke ni, don tare suka koyi gini da wansa a hannun ubansu. Sai ka haƙo jar ƙasa daga kududdufi da diga, ka jiƙa ta, ka watsa mata ramno, wato ciyawa da kashin doki, ka shiga da ƙafa ka yi ta takawa har cinyoyinka su ɗauki rawa. Ka rufe ta ta yi kwanaki ta ruɓa, ka dawo ka sake takawa. Baba Tanko zai zo ya damƙi kaɗan ya sunsuna. In ya yar bai ce komai ba, ka koma ciki ke nan. Bayan nan aka koya min mulmula tubali, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera a rana ya bushe. Sannan jifa: magini yana zaune a kan bango ya raba ƙafa, kai kana ƙasa kana cilla masa tubali da curin laka, kuma dole su sauka a tafin hannunsa. In ka cilla a karkace, Baba Tanko ba ya faɗa, dawo maka da shi yake yi a gadon baya. Na yi shekaru a ƙasa kafin a ce in hau. Kayan aikinmu kaf jaki ɗaya ne yake ɗauka, diga da dagi da fartanya, gizago na sassaƙar azara, madaɓi, igiya, kwanduna. Cokali kuma? Ga cokalinmu nan, ku dubi tafin hannun nan, har yanzu allura ba ta shigarsa da daɗi.

Masu gida kuwa halinsu ɗaya ne tun wancan zamani har naku. Wani zai ce soro yake so irin na hakimi, ka duba azarar da ya sayo ka ga ko akurki ba za ta rufa ba. Wani ya kafa kujera a gindin bango yana ɗora, ɗora, alhali bangon ƙasa sai ya sha iska ake ƙara masa. Amma mu gidanmu muna da ƙarin namu. Na tuna wani attajiri a Kazaure, mun yi masa zaure da baka biyu masu tallafe rufi, har mutane suna tsayawa kallo. Da aka zo kan ɗakin da zai riƙa ajiye hajarsa, sai ya kira wani maginin daban. Bai ɓoye ba, a gaban leburori ya ce mutanen gidanmu sun iya gini, amma sun iya hudawa. Baba Tanko ya haɗiye maganar, ya ce in ɗaure wa jaki kaya.

Shekarar da aikin gidan yarin ya zo, muguwar shekara ce. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, aka girbe kara. Wanda ba shi da na tuwo ai ba ya zancen zaure. Rani guda ba mu ɗora tubali ko ɗaya ba, ni da nake da mata da 'ya'ya na koma saran itace a duwatsun Roni ina kaiwa kasuwa a ka. Ana nan sai labari ya zo cewa an gina sabon gidan yari na dutse a bayan wancan garin da aka kulle mahaifina, an kwashe fursunoni, kuma Di'o, Baturen da ke mulkin yankin, ya ce alƙali ya daina shari'a a zauren gidansa, a gyara masa tsohon gidan yarin. Maginan garin suka ce su ba sa shiga, wurin ba shi da kyau. Yunwa ba ta bar mu mun yi zaɓe ba. Baba Tanko ya karɓi aikin, ya nemo wasu magina biyu da ya yarda da hannunsu, Ɗan'azumi daga Babura da Mati daga Gwiwa. Ranar da za mu tashi Inna ta rako mu har bakin zaure. Ba ta yi mana doguwar addu'a ba. Cewa kawai ta yi in mun je mu duba mata inda ya huda, tana so ta san ta wace kusurwa ya fita.

Ranar da muka fara shiga, Mati ya yi baya ya toshe hanci da gefen rigarsa. Dogon soro ne guda, gajeren rufi, ba taga sai wasu 'yan huji can sama da ko kan mage ba zai shiga ba. An kwashe mutane tuntuni amma warin yana nan, ya shiga jikin ƙasa. Bangon ya yi baƙi yana ƙyalli daidai kafaɗar mutum a zaune, inda bayan mutane ya yi shekaru yana gogawa. Ga turu a tsakar ɗaki, wani ƙaton gungume mai ramukan zura ƙafa, bakin ramukan sun yi sulɓi. A lungu an tara tsofaffin mari, ƙarfen ƙafa ke nan, duk sun yi tsatsa. Ɗan'azumi ya ɗaga ɗaya ya ce wannan ai ko jaki aka sa wa an zalunce shi. Aikin da aka ce mu yi shi ne mu yaye rufi, mu ƙara wa bango tsawo, mu fasa manyan tagogi, mu ɗaura baka, mu yi wa alƙali dakali a ƙurya, a yi daɓe, a shafe waje da makuba don kare ruwan sama. Akwai wani mai duba aiki da aka ɗora a kanmu, mutum mai fara'a, sai dai kullum hankalinsa yana kan ranar da Di'o ya ce zai zo.

Ku sani, a sana'armu ba a zubar da tsohuwar ƙasa. Duk abin da aka rushe, tubali ne ko yaɓe, rami ake kai shi a jiƙa, a taka, a sake mulmulawa. Ta ma fi sabuwa kyau, don ta riga ta ruɓa ta yi danƙo. Saboda haka tun rana ta farko leburori suka haƙa ramin kwaɓi a tsakar gida, duk abin da muka kankaro suna kwasa suna zubawa.

Ni da Baba Tanko kuwa, muna kankarar yaɓe muna neman abu ɗaya, inda aka ce mahaifina ya huda. Bangon ƙasa in an taɓa huda shi aka toshe, ko shekara nawa ya yi, magini zai gani. Launin ƙasar ba ya zama ɗaya, jerin tubali yana karyewa, kuma in ka ƙwanƙwasa da ƙotar fartanya sautin daban ne. Muka bi bangon gabas, muka bi na kudu, muka bi na arewa, ciki da waje, daga tushe har inda azara ta hau. Babu faci ko na tafin hannu. Bango ne lafiyayye tun ranar da aka gina shi. Na dubi Baba Tanko, ya kau da kai ya ce wataƙila ta yamma ne.

Bangon yamma shi ne ƙuryar da za mu yi dakalin alƙali. Da hantsi Mati yana kan rufi yana yaye ƙasa, sai ya leƙo ya ce wani abu bai yi masa daidai ba: shi a sama yana ganin rufi ya ci gaba, mu kuma a ƙasa mun ce ɗaki ya ƙare. Muka ja igiya ta waje, muka ja ta ciki, ta waje ta fi da kusan tsawon tabarma biyu. Ashe bangon da muke kallo ba shi ne na ƙarshe ba, akwai wani ɗaki a bayansa. Na sa fartanya na kankare yaɓen tsakiya. Yaɓen banza ne, an maka shi da kauri ba a ko lallashe shi ba. Yana zubowa sai ga siffar ƙofa ta fito, da azararta a sama, an toshe ta da tubali tun daga ƙasa.

A nan sai ku buɗe kunne, don wannan ba a kan bulo ake koyonsa ba. Toshe ƙofa ba kamar tayar da bango ba ne. Ba ka da inda za ka hau ka zauna, dole ka tsaya ta gefe ɗaya. Gefen da kake tsaye, kana ɗora tubali kana bin sa da hannu kana shafe lakar da ta fito. Ɗaya gefen hannunka ba ya kaiwa, lakar sai ta tsattsafo ta bushe haka nan, tudu-tudu. Kowane magini ya san wannan, ko wanda ya fara hawa bango bana. To, fuskar da take kallonmu, ta cikin babban ɗaki, ita ce mai tudu-tudun. Ɗan'azumi ya shafa, ya sake shafawa, ya janye hannunsa.

Ya ce, "Baba Tanko, wanda ya toshe ƙofar nan ba ta nan ya tsaya ba."

Kowa ya gane ta ciki ya tsaya. Baba Tanko ya hana a taɓa ƙofar. Ya ce Mati ya ɗaga azarar saman ɗakin, a zura tsani. Rufin lafiya lau yake, azara a jere, ko ɗaya ba ta goce ba, mu muka fara ɗaga ta. Wata iska mai ɗumi ta taso daga ciki, ba wari ba, irin ta rumbun da ya daɗe a rufe. Ni na fara sauka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙafata ta farko a kan ƙashin mutum ta sauka. Da idona ya saba da duhu na ga ba ɗaya ba ne. Suna jere a gindin bango, wasu a kwance, wasu kamar a jingine suka zube, ga mari a ƙafafun wasu har lokacin. Ban ƙirga ba, kuma ko yau ba na so in ƙirga. Akwai tsummoki da suka zama gari, da wani ɗan tulu a kife. Na kama tsani na riƙe, na kasa hawa na kasa saki. Baba Tanko ya ga na daɗe ban fito ba ya biyo ni.

Bai dubi ƙasa sosai ba. Kai tsaye ya nufi ƙofar. Ta ciki a shafe take sumul, jeri bayan jeri, aikin gwani, ga sawun yatsu a jikin busasshiyar laka kamar jiya aka yi. Mai gini da dama shafarsa tana tashi daga hagu ta gangara dama. Wannan daga dama take tashi. Baba Tanko ya ɗora hannunsa na hagu a kan sawun ya bi shi a hankali har ƙarshen jeri, sannan ya zauna daɓas a cikin ƙurar nan.

Ya ce, "Hannun Yaya ne."

Ni dai ban san hannun mahaifina ba, ban yi wayo da shi ba. Amma shi tare suka yi ƙuruciya a kan bango ɗaya, kuma a iya saninmu babu wani magini da aka taɓa kullewa a gidan nan, balle bahago. Abin ya fito fili ba sai an gaya mana ba. Da agana ta shiga, an ware waɗanda ta kama an zuba su a ƙuryar nan, shi ma yana ciki, aka miƙa masa tubali da laka aka ce ya toshe.

Sai dai ba wannan ne ya fi girgiza ni ba. Daidai ƙirjin mutum, a tsakiyar ƙofar, ya bar taga. Ƙarama ce, daidai shigar ƙwarya. Ya yi mata 'yar azara da guntun itace, ya gyara bakinta, ya ɗan karkato da gindinta ciki yadda in an miƙo abu ba zai zube ba. Wanda ya zauna ya yi wannan ƙawa ya sakankance za a riƙa miƙo musu abinci da ruwa har su warke a buɗe su. Tagar a toshe take. Kuma ba hannunsa ba ne. Curin laka ne da tsumma da fasasshen tulu aka cusa daga waje, aka danna da ƙafa ko da gungume, har ya ɓullo ta ciki. A jikin toshiyar ta ciki duk sawun farce ne. Na fito daga ɗakin nan na zauna a kan bango na yi kuka da ƙarfi, ina da gemuna, a gaban leburori.

Kafin azahar mai duba aiki ya iso. Ya leƙa ta sama, ya sauko fuskarsa ta yi fari fat. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ja mu gefe yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce wannan abu ya fi ƙarfinmu, in ya fita za a yi ta kiran mutane, aiki ya tsaya, mu da muka zo neman abin kai wa iyali mu koma hannu wofi, wataƙila ma a ce mu muka tono fitina. Ya ce a rushe ƙofar a kai ramin kwaɓi kamar sauran, a cike ɗakin da ƙasa a daɓe, a ɗora dakali a kai, Allah ya ji ƙan na ciki. Har ya ɗaga hannu ya kira leburori biyu da diga. Na san in tubalin nan ya shiga ruwa, kafin la'asar ya zama laka, kuma mahaifina ya tabbata mai huda bango har abada.

Baba Tanko, mutumin da ban taɓa jin ya mayar wa mai gida magana ba, ya je ya tsaya a jikin ƙofar ya ba ta baya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙasar ba ta takuwa. Wana ne a ciki."

Ɗan'azumi da Mati suka ajiye kayan aiki suka je suka tsaya kusa da shi, ga su da yunwa a gida kamar kowa. Leburori suka ga haka suka jingine diga. Baba Tanko ya bar mu muna gadi, ya tafi da laka a ƙafarsa har zauren alƙali.

Alƙalin dattijo ne, ya zo da kansa da muhutinsa mai rubuta masa shari'a. Ya tattare riga ya hau tsani ya leƙa, ya daɗe a sama, da ya sauko leɓensa yana motsi. Ya aika aka sanar da hakimi da Di'o. Ya sa aka kawo likkafani aka tattara ƙasusuwan. Ba yadda za a yi a gane na wane da na wane, sai aka haɗa su aka yi musu salla, aka kai su maƙabarta kafin rana ta faɗi. Garin nan kaf ya fito, don ashe ba mu kaɗai aka taɓa ce wa namu ya gudu ba. Aka bincika, Yarin wancan lokaci, wato shugaban gidan yarin, ya daɗe da rasuwa, masu tsaron da suka yi aiki da shi wasu sun mutu, wasu ba a san inda suke ba. Wanda ya cusa lakar nan a taga, har yau Allah kaɗai ya san shi. Alƙali ya ce kada a taɓa ƙofar, kuma a je a zo da matar Ilu.

Ni na tafi Roni. Na tarar da Inna tana kaɗi a tsakar gida. Ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta tambaye ni ko mun ga wurin. Na durƙusa na ce, "Inna, bai huda ba." Na gaya mata sauran yadda zan iya. Ta ajiye mazari, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Na ɗora ta a jaki, muka kama hanya.

Kotun dai daga baya mun gama ta, ta yi kyau, da bakanta da tagoginta, ɗakin ƙuryar aka buɗe shi ya zama wurin zaman mata masu jiran shari'a. Amma shari'ar farko da aka yi a ginin nan an yi ta ne tun ba rufi, alƙali a kan buzu, ga ramin kwaɓi a gefe, rana tana dukan kowa. Ya ce ni da Baba Tanko dangi ne, ba za mu yi shaida ba. Ya kira Ɗan'azumi da Mati ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye su ko mutum zai iya gina ƙofar daga waje ya zura hannu ya shafe ciki, suka ce ba mai iyawa. Ya tambaya ko zai iya fita ta tagar, suka ce ko yaro ba zai fita ba. Ya tambayi rufi, Mati ya rantse shi ya fara ɗaga azarar nan da hannunsa. Ya tambayi sauran bangaye, suka ce babu faci ko ɗaya. Ya sa aka kawo wani tsoho da ya san mahaifina, ya shaida bahago ne. Sannan ya ɗaga murya yadda na waje za su ji, ya ce ya tabbata a gabansa Ilu magini bai gudu ba, a ɗakin nan ya rasu a shekarar agana, kuma duk wanda ya ƙara jifan gidansa da waccan magana zai gamu da shi. Ya juya wajen Inna ya yi mata gaisuwa, ya ce takaba kuwa ta daɗe da wucewa, ba ta hau kanta ba. Ya tambaye ta ko tana da magana.

Inna tana zaune a bayana cikin mayafi. Ta ce a fara nuna mata tagar. Na kama hannunta na kai ta. Ta tsaya tana kallon curin lakar nan da tsumman da ya leƙo, ba ta taɓa ba. Ta dawo ta zauna a inda take, ta yi magana a hankali, amma ba wanda bai ji ba.

"Allah ya gafarta malam, tambaya ɗaya gare ni. Tun ranar da aka kulle shi har ranar da aka ce min ya gudu, ban taɓa fashin kawo masa tuwo bakin ƙofar can ba. A karɓa a shiga da shi, a fito min da akushi wayam, wata rana har a ce ya ce a gaishe ni. To, in tagar a toshe take, wa yake cinye tuwon?"

Alƙali ya sunkuyar da kai. Muhuti ya ajiye alƙalaminsa. Ba a ba ta amsa ba, a ranar ko bayanta.

Da muka koma Roni ta shiga takabar da aka ce ba ta hau kanta ba, ta yi ta har ƙarshe. Kuma daga nan har ta koma ga Allah, Inna ba ta ƙara tuƙa tuwo da hannunta ba.